Rimot ɗin da Ya Zo a Kwalekwale

A shekarar da na yi aure ne hannuna ya mutu. Haka abokaina suka ce, ni ma kuma na yarda da su har wajen wata huɗu. Ba shanyewa ya yi ba, Allah ya tsare, ina kwance injin ban ruwa in ɗaura a shagon yayana kamar kullum. A wasan ƙwallo na gem ne ya mutu, wanda kuwa shi kaɗai ne abin da na fi kowa iyawa a garin Haɗejiya.

Ba cika baki nake yi ba. Tun ina sakandare nake bugawa a wani gidan gem da ke bayan kasuwar kifi, a kan tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya wadda sai an mare ta a gefe kafin launinta ya dawo. Hayaƙin bandar kifi yana shigowa ta taga, gumi yana jiƙa abin riƙewar da muke kira fad, amma da na danna maɓalli ɗan wasana zai motsa, babu jira. An zo daga Kaugama an gwada ni, an zo daga Jahun, kowa ya koma yana cewa fad ɗin ne ba shi da kyau. Daga baya gidan ya rufe, mai shi ya koma sayar da taki. Ni kuma na samu na'urar gem ta kaina da wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta, na ajiye a ɗakina na soro, na koma karawa da mutanen da ban taɓa gani ba ta intanet.

Akwai wata gasa da ake yi a ƙarshen kowace damina. Kowa yana bugawa daga gidansa, wanda aka ci ya fita, waɗanda suka rage a kira su Abuja su yi wasan ƙarshe ido da ido. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofa ana cire ni. Ni kuwa a rayuwata ban taɓa wuce Kano ba, kuma ina so in je wani wuri inda ba za a nuna ni a ce ga ƙanin mai gyaran inji ba. Yaya bai taɓa yi mini faɗa a kan gem ba, shi ba mai yawan magana ba ne. Kawai wata rana muna wanke kabureta ya ce bayan girbi zai buɗe wani shagon a Kaugama, ni zan zauna a can. Na roƙe shi ya bar ni in gwada sau ɗaya tak. Na yi masa alkawari da bakina, idan ban wuce ba a wannan karon zan naɗe wayoyin in sa a kwali. Ya ce to, ya ci gaba da hura bututun mai.

To, sai aure. Matata 'yar wani ƙauye ce a kan hanyar Guri, mahaifinta manomin shinkafa ne, yana ɗan taɓa kamun kifi idan ruwa ya ja. Ranar jere gwaggonninta suka zo da kaya a a-kori-kura, suka kore ni daga gidan tun safe kamar yadda aka saba. Da na dawo washegari, sai ga talabijin a bangon falo, faɗinta ya kusa ƙyauren ɗaki. Babbar gwaggonta ce ta je har Kano ta zaɓo ta, ta sa yaron shagon ya saita mata hoton a kan wanda ya fi kowane haske da sheƙi. Sannan suka kira kafinta ya yi mata akwatin katako mai gilashi a gaba, ya ɗaure da kusoshi a bango, saboda ƙura da hannun yaran baƙi. Duk macen da ta shigo ganin ɗaki nan take fara tsayawa. Ni ma na tsaya na washe baki. A cikin satin nan na ɗauki ɗan allona na kwamfuta na ba ɗan kawuna da zai tafi karatu Maiduguri, har ina ce masa ni yanzu na girmi wannan. Wauta dai, ba ta da wani suna.

Wasan farko da na buga a sabuwar talabijin, ciyawar filin kamar ka sa hannu ka tsinka. An ci ni uku da nema. Na ce gajiyar biki ce. Sati ya zagayo, wata ya zagayo, mutanen da a da nake wasa da su kamar kyanwa da ɓera suka koma suna wuce ni. Ina ganin ɗan gaba yana tahowa, na san ta inda zai bi, in danna, sai mai tsaron bayana ya miƙa ƙafa bayan mutumin ya riga ya wuce. Kullum a makare, da ɗan kaɗan, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A majalisarmu ta bakin titi kuwa na zama abin hira. Wannan ya ce girkin amarya ne ya sauka a yatsu, wancan ya ce dama ango ba ya gudu. Ina dariya tare da su, amma a raina tsoro nake ji. Har na fara duba yatsuna a shago, in buɗe in rufe, ina tunanin ko man inji da sanyin ruwa ne suka cinye su.

Wanda ya gano abin wani abokina ne mai gyaran waya, mutum ne mai son ya san dalilin komai, har ya kan gundure ka. Ya zo gidan wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya karɓi fad ɗin ya buga minti biyu, ya ajiye. Ya ce in riƙe, ya tsaya a bayana ya ɗauki bidiyo da wayarsa, yatsana da talabijin duk a hoto ɗaya. Sannan ya rage gudun bidiyon ya nuna mini. Ga babban yatsana ya sauka a kan maɓalli. Ga shi har ya fara ɗagowa. Ɗan wasan yana tsaye kamar ba da shi ake ba. Sai can ya ɗaga ƙafa.

Ya ce, "Hannunka lafiyarsa ƙalau. Talabijin ɗin ce take yi wa hoto kwalliya kafin ta fito da shi."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, yana jin daɗin kansa. Na'urar gem tana aiko hoto a kan lokaci, amma irin waɗannan manyan talabijin ba sa nuna shi nan take. Sai sun riƙe shi sun goge, sun ƙara masa launi, sun ƙirƙiro wasu hotunan sun cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. Mai kallon fim ba zai taɓa sani ba. Amma mai gem abin da ya riga ya wuce yake gani. Ya ce akwai wani saiti a ciki da aka yi musamman don gem, da an kunna shi duk wannan kwalliyar za ta tsaya, hoton ya ɗan dushe amma ya zo da wuri. A kashe santsin motsi, a kashe mai goge dishi-dishi, shi ke nan. Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Na rungume shi har ya ce in sake shi zan karya masa tabarau.

Muka fara da abin da ke hannunmu. Ya sa na daina amfani da fad marar igiya, na jona shi da igiya. Ya cire wayar hoton daga akwatin sauti da take bi ta ciki, ya kai ta kai tsaye cikin talabijin ta wani ɗan rami da kafinta ya bari a ƙasa. Muka shiga cikin gem ɗin muka kashe duk wani ƙyale-ƙyale, inuwar 'yan kallo, hazo-hazon da ake sa wa gudu. Akwatin intanet muka matsar da shi bakin taga muka ja masa waya. Abin ya ɗan ragu, amma uwar matsalar tana cikin talabijin. Ya ce in miƙo rimot.

Na miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya. Rimot ne na kasuwa, mai kunnawa da kashewa, da ƙara murya, da canza tasha. Babu maɓallin shiga saiti ko ɗaya. Na leƙa tsakar gida na tambayi matata ina na asalin yake. Ta ce ai Inna ta ajiye shi. Haka suke yi a gidansu, duk kayan wuta da aka saya wa amarya, kwalin da takardun da rimot ɗin asali suna zama a wurin uwa, a sayi na kasuwa a riƙa amfani da shi, don kada na kirkin ya lalace ko baƙi su ɗauke. Na yayarta ma yana can a kan sif ɗin Inna, shekara shida ke nan, ko ledarsa ba a cire ba. Ta faɗa tana tsince shinkafa, ko a jikinta.

Abokina ya ce ba komai, akwai maɓalli a bayan talabijin. Muka leƙa. Yana can kuwa, a manne da bango, a cikin akwatin katako, inda ko cokali ba zai shiga ba.

Kwana biyu ina kallon kusoshin nan. A rana ta uku na dawo daga shago da sukudireba a aljihu. Na cire ɗaya, ina kan ta biyu matata ta shigo da tire a hannu. Ba ta yi ihu ba, ita ba ta ihu. Ta ajiye tiren ta ce me ɗakinta ya yi mini. Na fara yi mata bayanin jinkirin hoto, ina jin kaina ina magana kamar mahaukaci. Ta ce ita ba ta ga abin da ya samu hoton ba, kowa ya zo yabawa yake yi. Ta ce Gwaggo da kanta ta tsaya a kan kafintan, kuma idan gilashin ya fashe ko filastar bangon ta ɓalle, ita za a tambaya, ba ni ba. Sannan ta ƙara da wannan.

"Babana gonarsa ta bakin kogi ya noma shekara biyu saboda ɗakin nan. In bai yi maka ba, ka faɗa mini kawai."

Na mayar da kusar da na cire. Na ji haushinta, na ji haushin Gwaggo, na ji haushin kafintan da ban taɓa gani ba, amma na san gaskiyarta ce. Gidan nawa ne, falon nata ne, ko labule ban isa in canza ba.

Muka bi kasuwa ni da abokina, muka kwaso rimot kala uku, babu wanda ya buɗe saitin. Mai shagon ya ce irin nata sai an aiko daga Kano. A satin ne kuma ruwa ya iso. Kowace shekara muna jiransa, amma na bana ya zo da ƙarfi, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane. Titin Kano ya yanke a wuri biyu, manyan motoci suka tsaya. Hanyar Guri kuwa ta zama kogi, sai dai a kwalekwale. Garin ya koma kamar kwano a cikin baho. Da safe mu matasa muna kan jinga, bangon ƙasar da ya tare ruwa daga shiga gari, muna cika buhuna da ƙasa muna jerawa. Da rana ina shago, domin duk wanda ruwa ya shiga gidansa injin ban ruwa yake nema ya zuƙe, injinan da aka jefar tun rani duk aka kwaso mana su. In dawo gida da la'asar sakaliya jikina duk taɓo, in zauna gaban hoton da ya fi kowane kyau a unguwar, a ci ni.

Za ka ce me ya hana in ɗauki waya in kira Inna. Wanda ya faɗi haka ba a nan ya tashi ba. Matar da tun da na fara neman 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba, in na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana bayan labule, mu yi sannu-sannu in tashi. Ita zan kira, ruwa ya kewaye ƙauyensu, shinkafarsu tana nutsewa, in ce Inna a taimaka a aiko mini da rimot zan buga ƙwallo? Ko a mafarki bakina ba zai iya ba. Matata ma ban iya ce mata ta tambaya ba, tun ranar sukudireba ban sake tayar da maganar ba. Abin yana can a kan sif, na san inda yake, na san har kalar ledarsa, kuma babu yadda zan yi.

Saura sati biyar gasa, sai na ce to, tunda talabijin ba za ta canza ba, ni bari in canza. Na fara koya wa hannuna ya riga idona. Idan ɗan gaba ya taho, ba na jira in ga ya karkata, sai in danna tun yana shirin yi. Idan zan buga ƙwallo raga, akwai daidai lokacin da ake sakin maɓalli, sa'ad da ƙafa ta taɓa ƙwallo. Ni sai in saki tun ƙafar tana sama. Da farko abin ya yi mini wuya ƙwarai, kamar a ce ka amsa sallama kafin a yi ta. Amma kullum ina yi, awa biyu tsakanin la'asar da magariba, har ya zauna. Na daina tunaninsa ma. Na fara cin wasa jefi-jefi, sannan na fara ci da yawa. Ban koma yadda nake a da ba, amma na kai inda zan iya cewa wataƙila. Matata takan zauna a bakin ƙofa tana yankan kuɓewa. Ashe tana kallo.

Ranar gasar ta faɗo Asabar, wasana na farko ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Wajen sha ɗaya na safe ina shago aka aiko wai in zo gida ina da baƙo. Na zo na tarar da takalman roba a ƙofar soro, taɓo ya bushe a kansu har sama. Baba ne, mahaifin matata. Yana zaune a kan tabarma, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa sun yi fari saboda jiƙa. Na zube na gaishe shi, kaina a ƙasa. Na yi masa jajen ruwa. Ya ce gonar bakin kogi ta tafi gaba ɗaya, ta tudun ma rabi, sai dai godiyar Allah. Tun asuba ya fito, kwalekwale biyu ya hau, ya taka wani wurin da ƙafa ruwa har ƙugu, sannan ya samu mashin. Ya ce zai duba irin alkama a kasuwa saboda in ruwa ya ja. Ni na san ba a neman irin alkama a wannan watan.

Sai ya sa hannu a aljihun 'yar-shararsa ya fito da wani ƙunshi. Leda ce a cikin leda, an ɗaure da tsumma, an sake sa wa a wata ledar. Ya ajiye a gabana.

"Yarinyar nan ta ce wa uwarta aikinka ya tsaya saboda wannan. Ai da ka yi magana tun tuni. Mutum ba ya wasa da sana'arsa."

Ban san abin da na ce ba. Ina jin na yi godiya. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi. Ya sha ruwa, ya ƙi cin abinci kamar yadda surukai suke yi, ya ce zai je wurin ɗan'uwansa a cikin gari, zai biyo kafin magariba ya yi mana sallama. Da ya fita na shiga ciki. Matata tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. Na ce aiki kika ce musu? Ta ce to me zan ce, ba shi ne aikin da kake so ba?

Na kwance ledojin. Rimot ɗin sabo fil, ko batir ba a taɓa sa masa ba. Na ciro na agogon bango na sa. Na danna, sai ga saitin ya buɗe, abin da na yi wata biyu ina mafarkinsa. Na bi yadda abokina ya rubuta mini a takarda. Na kunna saitin gem, na kashe santsin motsi, na kashe mai goge hoto, na kashe mai ƙara haske da kansa. Nan take ciyawar ta dushe, rigunan 'yan wasa suka koma kamar an wanke su sau goma. Na taɓa fad. Ɗan wasan ya motsa tare da yatsana, a lokaci ɗaya, kamar a gidan gem na bayan kasuwar kifi. Sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Na buga wasa ɗaya da na'ura don gwaji, na ci biyar, ban tsaya na lura cewa na'urar a mataki mai sauƙi take ba. Na kira abokina ina murna. Ya ce da shi ne da ya bar saitin yadda yake a da sai bayan gasa. Na ce masa hassada ce ke damunsa. Kafin in sake wani gwajin Yaya ya kira, ruwa ya ɓalle ta wata kafa a jinga, ana neman inji uku yanzu-yanzu. Ban dawo gida ba sai huɗu da kwata, ko wanka ban yi ba.

Wanda aka haɗa ni da shi ban san ko waye ba, ban san garinsu ba. Ba wani gwani ba ne, a minti biyar na farko na gane haka. A da ko da hannu ɗaya zan ci irinsa. Ɗan gabansa ya taho, na danna, mai tsaron bayana ya zube a ƙasa tun mutumin bai iso ba, ya kewaye shi kamar an ajiye buhu a hanya. Ɗaya. Na samu dama ni da gola, na saki maɓalli, ƙwallo ta tashi sama ta nufi 'yan kallo. Na tura wa ɗan wasana ƙwallo tun bai fara gudu ba, ta wuce ta gabansa. Komai nawa yana riga lokaci, da ɗan kaɗan, daidai gwargwadon abin da na yi sati biyar ina cusa wa hannuna. Talabijin ta daina jinkiri, ni kuma ban daina rigaye ba. Ina ce wa yatsana jira, jira, shi kuwa ya riga ya danna. Kafin hutun rabin lokaci an ci ni biyu.

A hutun nan na san abin da ya kamata in yi. Rimot ɗin yana kan gwiwata. Danna huɗu ne ko biyar in mayar da ita yadda Gwaggo ta bar ta, da kwalliyarta da nauyinta, in koma gidan da hannuna ya sani. Lokacin zai isa. Na ɗauke shi ma. Sai na ga matata a bakin ƙofa, ta bar aikinta ta tsaya, hannunta da kumfar sabulu, tana kallon dusasshen hoton nan da aka ce shi ne daidai. Ledojin da Baba ya ƙunso suna nan a gefen kujera, da tsumman. Na kasa. In ce tsoho ya ratsa ruwa har ƙugu ya kawo mini abu, ni kuma in yi amfani da shi in mayar da komai yadda yake? Da taurin kai ma a ciki, ba zan ɓoye ba. Wata da watanni ana ce mini hannuna ya mutu, ina so in ci da hannuna na gaskiya. Na ajiye rimot ɗin.

Na rama ɗaya a zagaye na biyu, wajen ƙarshe, lokacin da yatsun suka fara tunowa. Da wasan zai ƙara minti goma wataƙila da labarin ya canza. Ba a ƙara ba. Aka tashi uku da ɗaya, allon ya nuna an cire ni, a wasan farko, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Na daɗe a zaune. Matata ta ce ya gyaru? Na ce ya gyaru. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta koma wurin wanke-wankenta.

Ana gab da kiran magariba Baba ya yi sallama a soro. Babu irin alkama a hannunsa. Na fita na durƙusa. Ya ce gobe da sassafe zai kama hanya tun ruwa bai ƙaru ba, sannan ya tambaye ni ko abin ya yi amfani, aikin ya tashi?

Na ce, "Ya tashi, Baba."

Ya ce, "To alhamdulillahi. Ko ba komai a daminar nan an tsira da abu ɗaya."

Ruwa ya ja bayan sati uku, titin Kano ya buɗe, waɗanda suka wuce suka tafi Abuja, na ga hotunansu a waya. Bayan girbi na naɗe wayoyin na sa a kwali kamar yadda na yi alkawari, Yaya bai ma tuna mini ba. Yanzu kullum da safe nake hawa mashin zuwa Kaugama in dawo da yamma. Talabijin tana nan a saitin gem, babu wadda ta kai ta sauri a unguwarmu, matata tana kallon finafinanta a dushe. Gwaggo ta zo ta ce hoton ya lalace, matata kuma ta ce mata haka ake yayi yanzu. Na ce ta kawo rimot ɗin in mayar mata da shi yadda yake, minti ɗaya ne. Ta ce ai ta riga ta ba Baba ya koma da shi, yana can a kan sif ɗin Inna.